Darasi na 7: Ciwon Baya, Majinyaci Ɗaya da Masu Magani da Yawa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta ciwon baya na yau da kullum da wanda ke buƙatar asibiti nan take;
2. bayyana abin da ake nufi da sa majinyaci a gaba;
3. faɗin aikin kowane mai hannu a jinya, da wanda ya kamata ya riƙe ragamarta;
4. buɗe littafin jinya ga kansa ko ga wani na gidansu.

1. Ciwon da ya san kowane gida

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, gona na jikin gona, gida na kallon gida. Mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, don haka ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an kai taki, an yi shuka, an yi noma da maimai da huɗa, an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, an roro wake, an ɗaura dami an ɗora a ka. Kusan duk wannan a sunkuye ake yin sa, da fartanya mai gajeriyar ƙota. A cikin gida kuwa ga surfe da daka, ga shara da gajeriyar tsintsiya, ga wanki, ga jan guga, ga goyo. Gonar da ba ta hutawa, bayan mai ita ma ba ya hutawa.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon baya a duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki. Amma ga abin kwantar da hankali: cikin mutum 10 masu ciwon baya, kusan 9 ba su da wata muguwar cuta a ƙashi ko a laka. Yawancin sabon ciwo yana lafawa cikin mako 6, musamman idan mutum ya ci gaba da motsi daidai ƙarfinsa.

> AKWATIN KALMOMI
> Ƙashin baya: jerin ƙananan ƙasusuwa daga wuya zuwa kwankwaso. Guda 5 na wajen ƙugu su ne manya, su ke ɗaukar yawancin nauyin jiki.
> Laka: babbar hanyar saƙo da ta bi ta cikin ƙashin baya. Daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura.
> Sabon ciwo: wanda bai kai mako 6 ba.
> Ciwo mai naci: wanda ya wuce wata 3.

2. Alamomin da ba a kwana da su

Kafin a yi maganar kowane magani, sai an tabbatar ciwon ba ya cikin 'yan kaɗan ɗin nan masu haɗari. Wannan sashe a haddace shi. Idan ciwon baya ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi babban asibiti a ranar:

- fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida na zubowa mutum bai sani ba;
- tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, ko an taɓa ba a ji;
- ƙafa na raguwa da ƙarfi, mutum na jan ta ko yana faɗuwa;
- ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga bishiya ko rufin ɗaki, ko haɗarin babur.

Akwai kuma waɗanda ba sa buƙatar gudu cikin dare, amma kada mako ya zagayo ba a ga likita ba: zazzaɓi da zufan dare da rama, ciwon da ke ƙaruwa idan an kwanta har ya hana barci, ƙusumbi da ya fara fitowa a gadon baya, zafin fitsari da ciwo a gefen ciki, ko kuma mutum ya taɓa yin ciwon daji. Mutane da yawa ba su san tarin fuka na kama ƙashin baya ba, ko da mutum ba ya tari. Yana cin ƙashin a hankali har ya iya gurgunta mutum, alhali yana da magani, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka. Duk watan da aka ɓata ana tausa da ƙaho a kan irin wannan baya, asara ce babba.

3. Yadda jinya ke watsewa

*Misali na 1.* Wani magidanci ɗan shekara 45 a wani ƙauye kusa da Bichi ya ji bayansa ya riƙe ana tsakiyar maimai. Ya aika yaro kemis, aka ƙullo masa haɗin ƙwayoyi a leda, babu suna babu kwali. Bayan mako ɗaya wanzami ya yi masa ƙaho. Ranar kasuwa mai lasifika ya ce masa ai basir ne ya hau baya, ya sayi gora ɗaya, ya kwana yana zawo. Ya je asibitin sha-ka-tafi, aka rubuta masa ibufurofen, bai faɗi haɗin da yake sha ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ƙanensa da ke birni ya aiko masa da dikilofenak. Daga baya ya sayar da akuya ya je Kano ya yi hoto, wani ya duba ya ce masa ƙashinsa ya cinye. Tun ranar ya ajiye fartanya ya kwanta. Wata 4 ke nan, ciwon na nan, ga zafin ciki ya ƙaru, gona kuma ciyawa ta cinye.

Mu duba da kyau. Babu wanda ya nufe shi da sharri. Mutum 6 suka sa hannu a jinyarsa, amma babu ɗayansu da ya san abin da sauran suka yi. Gayya ce aka yi babu mai raba kunya: kowa ya sunkuya ya yi aiki, wani wuri an nome shi sau uku, wani wuri ko fartanya ba ta taɓa ba.

Wurin da aka nome sau uku shi ne magani. Ibufurofen da dikilofenak dangi ɗaya ne, haka firoksikam da ake yawan sawa cikin haɗi. Shan biyu ko uku tare ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya jawo gyambon ciki, ya gajiyar da ƙoda. Wurin da ba a taɓa ba kuwa shi ne bayani. Ba wanda ya zauna ya gaya masa cewa basir kumburin jijiyoyin dubura ne, ba shi ke riƙe baya wata da watanni ba. Ba wanda ya gaya masa cewa hoton bayan mutane da yawa da suka manyanta yana nuna irin wannan canji, har da waɗanda ba sa jin ciwon komai. Kalmar nan "ya cinye" ita ta kwantar da shi, kwanciyar kuma ta raunana naman bayansa.

> AKWATIN KALMOMI
> Sa majinyaci a gaba: tsara jinya bisa buƙatar mai ciwon, da aikinsa, da tsoronsa, da ƙarfin aljihunsa, tare da shawararsa a kowane mataki.
> Haɗa kan jinya: tabbatar da cewa duk masu kula da mutum ɗaya sun san abin da juna ke yi, kuma buri ɗaya suke bi.
> Mai riƙe ragama: ma'aikacin lafiya guda ɗaya da ya san labarin jinyar daga farko, wanda ake komawa wurinsa bayan kowace tafiya.

4. Sa majinyaci a gaba

Jinyar da ta sa mutum a gaba da tambaya take farawa. Ga yadda zama na gari zai kasance tsakanin wannan magidanci da malamin asibitin mazaɓarsu, wanda magidancin ya girme shi da nisa:

"Baba, sannu da jiki. Wane aiki ne ciwon nan ya fi hana ka, wanda ya fi damunka?"

"Wallahi Malam, ruku'u. A zaune nake salla. Sai kuma gona, ga girbi ya matso."

"Allah ya sawwaƙe. A ganinka me ya kawo shi?"

"An ce ƙashin ya cinye. Tsorona kada in sunkuya ya ƙarasa."

"To Baba, na duba ƙafafunka, ƙarfinsu lafiya lau, fitsari ma ka ce ba matsala, ba zazzaɓi ba rama. Bayanka bai lalace ba, ya dai yi tsami da rashin motsi. Yanzu a kawo mini duk abin da kake sha, har na gargajiya, in gani. Ba faɗa zan yi ba."

A lura da abu uku. Malamin ya nemi burin majinyaci: ruku'u da girbi. Ya tono tsoronsa ya amsa shi. Ya kuma buɗe ƙofar gaskiya game da magunguna. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Mutanenmu na ɓoye zuwa wurin wanzami ko mai ganye don gudun tsawa, kuma duk ma'aikacin da ya saba yi wa dattawa tsawa, ƙarya zai riƙa ji. A nan laifin ya fi karkata ga mai farar riga, domin shi ne ke da ikon sassauta murya.

Shi ma majinyaci yana da haƙƙin tambaya. Kada a fita daga ɗakin likita sai an san amsar waɗannan: Me ke damuna? Me zan yi da kaina a gida? Maganin nan kwana nawa zan sha? Yaushe zan dawo? Wace alama zan gani in taho da gaggawa?

5. Wa zai yi me?

Mai riƙe ragama ya fi kyau ya zama na kusa, wato ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa, wanda za a iya isa wurinsa a ƙafa ko a keke. Shi zai tantance alamomin haɗari, ya yi bayani, ya tsara magani, ya sa ranar dawowa. Idan mako 6 ya wuce ba sauƙi, ko wata alama ta fito, sai ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, irin na Bichi ko na Ɗambatta, inda likita zai duba ko ana buƙatar gwajin jini ko hoto. Daga can ne ake tura wanda ya cancanta zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Murtala. Masu buƙatar tiyata 'yan kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka fi buƙata a can shi ne likitan gashin ƙashi, mai koyar da atisayen da ke ƙarfafa naman ciki da na baya.

Sai dai takardar turawa tafiya biyu take yi. Idan an gama da kai a birni, ka roƙi a rubuta abin da aka gano da abin da aka ba ka, ka kai wa malamin asibitinku. A nan ne jinya ta fi yankewa: an je Kano an dawo, na gida bai san me aka ce ba.

Mai kemis aikinsa ya sayar da abin da aka rubuta, cikin kwalinsa mai suna. Wanzami da maɗori mutane sun yarda da su, kuma su ake fara zuwa, don haka ya kamata su ma su san alamomin sashe na 2, su ce wa mutum "wannan na asibiti ne". Wanda ya zaɓi ƙaho ya tabbatar da sabuwar reza, domin aska ɗaya ga mutane da yawa na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Sakiya da ƙarfe mai zafi a gadon baya kuwa a guje ta. Iyali su ma suna da nasu: rage wa mai ciwo ɗaukar kaya masu nauyi na ɗan lokaci, ba tare da an mai da shi gurgu ba.

> AKWATIN KALMOMI
> Takardar turawa: wasiƙar da ƙaramin asibiti ke ba majinyaci zuwa babba, mai ɗauke da tarihin ciwo da dalilin turawa.
> Littafin jinya: ƙaramin littafin rubutu da ke hannun majinyaci, inda ake rubuta duk abin da aka yi masa a ko'ina.
> Ma'aunin ciwo: lamba daga 0 zuwa 10. Sifiri babu ciwo, 10 ciwo mafi tsanani.

Littafin jinya ba ya buƙatar komai sai biro da littafi irin na 'yan firamare. A shafin farko a rubuta suna da buri. Kowane zuwa kuma layi ɗaya: kwanan wata, wurin da aka je, abin da aka ce, abin da aka bayar, lambar ciwo. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗansa ko abokin karatunsa a wannan aji ya rubuta masa. Kwalin kowane magani a ajiye shi cikin littafin.

6. Abin da bincike ya nuna

An gwada wannan hanya a ƙasarmu. Masanan gashin ƙashi na Jami'ar Bayero sun yi bincike a garin Tsakuwa, ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, a kan mutanen karkara 120 masu ciwon baya mai naci. Sun raba su kashi 3: wasu aka yi musu bayani kan ciwon, wasu aka koya musu atisaye, wasu aka haɗa musu duka biyun, har tsawon mako 8. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna kowane kashi ya sami sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi amfana. Ba na'ura mai tsada aka kawo ba. Magana ce da motsa jiki.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon baya mai naci. Ta goyi bayan ilmantar da majinyaci, da atisaye, da tausa, da taimaka masa ya shawo kan tsoro da damuwa, da magungunan rage zafi irin su ibufurofen na ɗan gajeren lokaci. Ta ce kada a dogara da ɗamarar baya, ko jan baya da na'ura, ko ƙwayoyi dangin tiramadol. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. 'Yan ƙwadago da 'yan dako da yawa na haɗiyar tiramadol don su yi aikin mutum biyu. Ƙwayar na rufe ciwon ne kawai, jiki ya saba da ita, a ƙarshe a sami cuta biyu maimakon ɗaya.

Ibufurofen da danginsa ma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai hawan jini da tsoho, kada su sha sai ma'aikacin lafiya ya duba. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin ya daina nan take ya tafi asibiti, alamar zubar jini ce a ciki.

7. Tsarin jinya a aikace

*Misali na 2.* Wata uwar 'ya'ya 5 a yankin Makoɗa tana fama da ƙugu wata 7. Sana'arta ƙuli-ƙuli. Maigidanta ya yarda ta je asibiti da ya ji mace ce za ta duba ta. Ma'aikaciyar ta ce, "Yaya, me kike so ki koma yi?" Ta ce, "In iya matsar mai ba tare da na kwanta rabin yini ba." Babu alamar haɗari, lambar ciwonta 7. Ga abin da suka rubuta tare:

- Mako na 1 da na 2: ta daina haɗin kemis. Tafiya a tsakar gida minti 10 safe da yamma, gashi da tsumma mai ɗumi da dare.
- A ɗora turmi da kwanon wanki a kan dakali don rage sunkuyo. A sa wa tsintsiya doguwar sanda. 'Yarta babba ta karɓi jan guga.
- Matsar mai a raba ta kashi 2, da hutu a tsakani.
- Atisaye 3 da aka nuna mata, kullum bayan sallar asuba.
- Dawowa bayan mako 2, sannan bayan mako 6. In lambar ba ta sauka ba, takardar turawa zuwa Ɗambatta.

Ba a ce ta bar sana'a ba, domin da ita ake cefane. Shawarar da ba ta san tukunyar gida ba, ba wanda zai bi ta. Haka manomi: a ce masa ya miƙe ya taka kaɗan bayan kowace kunya biyu ko uku, ya raba buhu gida biyu, ya rungumi kaya kusa da jiki idan zai ɗaga, ya bar wa jaki ko amalanke abin da ya fi ƙarfinsa. Ciwon zai iya tashi wata rana ko ana bin tsari. Wannan ba ya nufin wani abu ya karye. A rage aiki kwana biyu, a ci gaba da motsi.

*Misali na 3: lissafi.* A ɗauka mota zuwa Kano da dawowa N4,000 ce ga mutum ɗaya, ga ɗan rakiya, ga abinci N2,000, ga hoto N8,000. Jimla: 4,000 + 4,000 + 2,000 + 8,000 = N18,000, ban da aikin yini da aka rasa. Idan babu alamar haɗari, hoton ba zai canza magani ba. Kafin a kama akuya a kai kasuwa, a tambayi mai riƙe ragama ko tafiyar ta zama dole. A kuma tambaye shi hanyar rajista da Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, da tallafin kula da lafiya a matakin farko wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada don marasa ƙarfi.

Tambayoyin bita

1. Wata nawa ciwon baya zai yi kafin a kira shi mai naci?
2. Kawo alamomi 4 da za su sa a kai mai ciwon baya babban asibiti a ranar.
3. A Misali na 1, lissafa mutanen da suka sa hannu a jinyar. Me kowannensu bai sani ba?
4. Me ya sa shan ibufurofen da dikilofenak tare yake da haɗari?
5. Wane ne mai riƙe ragama, kuma me ya sa aka fi son ya zama na kusa?
6. Me binciken Tsakuwa ya nuna game da haɗa bayani da atisaye?
7. Maƙwabcinka ya ce tun da aka yi masa hoto yake tsoron sunkuyawa. Me za ka ce masa, kuma ina za ka raka shi?
8. Sake lissafin Misali na 3 da kuɗin mota na garinku a yau.
9. Aikin aji: ku zauna biyu-biyu, ɗaya majinyaci ɗaya ma'aikacin lafiya. Ku yi tambayoyin sashe na 4, sannan ku sauya.
10. Aikin gida: buɗe shafin farko na littafin jinya ga wani mai ciwon baya a gidanku, da izininsa. Rubuta burinsa, da lambar ciwonsa, da duk abin da yake sha.